Na tsinci hedifon ɗin Stax a haraj, zan iya haɗa masa amfilifaya da hannuna?

"Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni mai gyaran wayar salula ne a nan Jidda, shekarata shida a kan teburin gyara. Juma'ar da ta wuce na shiga Harajin Sawarikh, kasuwar kayan hannu, na ga wani hedifon mai kunnuwa masu kusurwa huɗu, an rubuta Stax SR-404 a jikinsa. Mai shi ya sallama mini da araha, don ya ce bai san abin da ake jona shi a ciki ba. Fuloginsa ƙafa biyar ne, ba ya shiga komai. Da na bincika sai na ga wai sai da akwatinsa na musamman, kuɗin akwatin kuwa ya fi ƙarfina. Na kuma ga mutane suna haɗa nasu a gida da zanen wani Kevin Gilmore. Na iya dalma, na taɓa haɗa ƙaramar amfilifayar lasifika mai aiki da bolt 12. Shin zan iya haɗa wannan? Da wanne zan fara? Ko dai in yanke fulogin in sa irin na waya?"

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai, ajiye almakashin nan. In ka yanke fulogin ka jona shi a waya ko tari ba za ka ji ya yi ba, kuma ka lalata abin da samun irinsa yake da wuya. Tambayarka a dunƙule ita ce ko mai hannun gyaran waya zai iya haɗa injin da zai tuƙa wannan hedifon, kuma ta ina zai soma. Amsata: za ka iya, amma ba da zanen Gilmore za ka fara ba, kuma dalma ba ita ce abin da za ka koya ba. Abin da za ka koya shi ne zama lafiya da wuta mai bolt ɗari huɗu zuwa ɗari shida, wadda ba ta yi kama da komai a kan teburinka na yanzu ba.

Abin da ke cikin kunnen

Hedifon ɗin da kowa ya sani ƙaramar lasifika ce: maganaɗisu, naɗin waya, da kofin da ke motsi. Naka babu maganaɗisu a cikinsa ko ɗaya. Tantani ne na leda, kaurinsa bai kai maikuron 2 ba, an ɗame shi kamar fatar kalangu a tsakanin faranti biyu masu ƙananan huji. Tsakanin tantanin da kowane faranti kusan rabin milimita ne. An shafa wa tantanin wani sinadari da ke riƙe caji, sai a ɗora masa tsayayyen caji na bolt 580, wanda muke kira bayas. Sautin kuma ana aika shi ga farantan biyu a kishiyance, in wannan ya hau sama wancan ya yi ƙasa, don haka ɗaya yana ja ɗaya yana turawa. Abin nan da muke yi muna yara, mu goga biro a gashi ya ɗauki guntun takarda, shi ne dai, an gyara masa zama. Da yake tantanin ba shi da nauyi kuma ko'ina a jikinsa ake turawa lokaci ɗaya, sautin yakan fito tas. Ranar da na fara sauraron karatun Alƙur'ani da irinsa, har jan numfashin mai karatu tsakanin aya da aya na ji, abin da ban taɓa lura da shi a wannan kaset ɗin ba.

Ƙafafu biyar ɗin nan kuwa, biyu na farantan kunnen dama ne, biyu na hagu, ta biyar ta bayas ce. Kamfanin Stax na Japan ya fitar da hedifonsa na farko irin wannan, SR-1, a 1960. Na dā bayas ɗinsu bolt 230 ne, fuloginsu ƙafa shida. Daga 1982 aka shigo da masu bolt 580 da suke kira Pro, masu ƙafa biyar, naka yana cikinsu. An bambanta fulogin ne da gangan don kada mai ƙafa shida ya shiga soket ɗin 580 ya ƙone. Sauran kamfanoni kowa da nasa lissafin: Koss ESP/950 bolt 600 yake so, Sennheiser HE90 na 1991 bolt 500. Na faɗa maka wannan ne don in ka ga zane a intanet ka fara duba wa aka zana wa.

Me amfilifayar take bukatar yi?

A idon amfilifaya, hedifonka kafasita ce ƙarama, kusan fikofarad 110 har da wayarsa. Daga wannan magana ɗaya komai ya samo asali. Ba ya shan wat kamar lasifika, bolt yake so, masu yawa. Bolt 100 tsakanin farantan yana ba da sauti mai ƙarfin desibel 100 ko kusa da haka. Sauraro na hankali, a ce desibel 85, bolt 18 ya ishe shi. Amma sauti ba a miƙe yake tafiya ba, bugun ganga ko tashin murya kan haura matsakaicin da desibel 20, nan take bukatar ta koma bolt 180. Shi ya sa injinan Stax suke iya fitar da bolt 280 zuwa 400 da wani abu. Wayarka kuwa da ƙyar take ba da bolt 1. Ka ga kenan sai an ninka siginar sau 500 zuwa 1000, alhali amfilifayar lasifika sau 20 ko 30 take ninkawa.

Akwai wani ɓangaren da masu farawa ke mantawa da shi. Kafasita tana ƙara shan karan, wato gudun wutar da ake aunawa da amfiya, ne gwargwadon yadda sautin ya ƙara siranta. A Hz 10,000 tirjiyar hedifonka kusan kilo-om 145 ce, a Hz 20,000 ta ragu da rabi. In kana son bolt 300 a can ƙololuwar, tsininsa bolt 424 ne, zai nemi kusan miliamfiya 6. A kunnen mai gyaran waya wannan ba komai ba ne. To amma waɗannan injina ajin A ne, karan ɗin yana gudu a cikinsu dare da rana ko ana sauti ko ba a yi. Ɗauki mafita huɗu, kowace tana jan miliamfiya 10, tsakanin layin bolt 400 na sama da sifiri da layin 400 na ƙasa da sifiri. Bolt 800 sau miliamfiya 40, wat 32 kenan na zafi zalla, don a motsa ledar da numfashinka ma zai iya motsawa. Manyan injinan suna ninka wannan. Riƙe lissafin nan, za mu dawo kansa in mun zo maganar zafin Jidda.

Hanya ta farko, wadda nake so ka bi

Taransifoma. Kana da amfilifayar lasifika, ko za ka samu ta hannu a harajin da ka je. In tana ba da bolt 10, wato wat goma sha biyu da rabi a lasifika mai om 8, ka bi da shi ta taransifoma mai ninki 1 zuwa 25, ka sami bolt 250. Shi kenan. Stax da kansu sun yi shekaru suna sayar da irin wannan akwati, SRD-7 ne ya fi shahara, har yau kuma akwai kamfanonin da ke yin irinsa.

Inda za ka samu taransifomar shi ne abin daɗin. Tsohuwar amfilifaya mai bawul, wato kwalaben gilashin nan irin na tsohon rediyo, irin mai bawul biyu suna karɓa-karɓa a kowane ɓangare, tana da taransifomar fita. Wadda aka rubuta om 5,000 zuwa om 8, raba ka sami 625, tushensa 25 cif. Juya ta za ka yi: ɓangaren lasifika ya zama mashiga, ɓangaren bawul ya zama mafita. Bakinsa biyu su tafi farantan, wayar tsakiya ta tafi ƙasan da'irar bayas. Kana bukatar biyu iri ɗaya, ta dama da ta hagu. In kuɗi ya samu wata rana, Lundahl na ƙasar Suwidin suna yin masu kyau. Wasu kuma kan juya taransifomar wuta mai siffar zobe, mai naɗi biyu na bolt 115 da fitar bolt 9. Tana aiki, na gwada, sai dai ƙarfenta yana ƙoshi da wuri a sauti mai kauri: naɗin da aka yi wa bolt 9 a Hz 50, rabin haka kawai zai ɗauka a Hz 25, in ka wuce sai ka ji gangar tana ɓarɓarewa.

Abu biyu za ka kiyaye a nan. Sa rasista mai om biyu ko uku, mai ɗaukar wat da yawa, a jere da mashigar taransifomar, domin a sauti mai kauri sosai naɗin kusan gajeriyar waya yake a idon amfilifaya. Na biyu, kada ka haɗe baƙaƙen wayoyin dama da hagu wuri ɗaya. Yawancin ƙananan amfilifayoyin ajin D da suka cika kasuwa yanzu, baƙar wayarsu ba ƙasa ba ce, ita ma sigina take ɗauke da shi, in ka haɗe su hayaƙi za ka gani.

Saura bayas, kuma shi ne makarantarka ta gaskiya. Ƙaramar taransifoma mai fitar da bolt 230, tsininsa 325. Dayod biyu 1N4007 da kafasita biyu su ninka shi ya zama wajen 650. Ka sauke shi da rasistoci zuwa 580, ka tace da ƙaramar kafasita, sa'an nan a ƙarshe, dab da soket, rasista mai mega-om 4.7 ko 5. Kada ka ɗauko bayas kai-tsaye daga bango ba taransifoma a tsakani, ko ka ga wani zane ya yi haka, wannan wayar a gefen kanka za ta ƙare. Kada kuma ka sa kafasita bayan rasistar ƙarshe. Aikin rasistar shi ne ta taƙaita abin da zai iya fita zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na miliamfiya, in tantani ya taɓa faranti ko yatsanka ya taɓa ƙafar soket. Kafasita a bayanta ta rushe wannan kariyar, ta zama rumbun da zai zazzage cajinsa gaba ɗaya ya huda tantanin.

Ga wani tarko da ke kama kusan kowa. Za ka gama, ka sa mitarka a soket, ka ga 390 da 'yan kai maimakon 580, sai ka ce ai bai kai ba, ka ƙara. Kada ka ƙara. Mitar kanta tana da tirjiyar mega-om 10, ita da rasistarka suka raba wutar, kashi biyu cikin uku kawai take nuna maka. Kafin rasistar ake aunawa, ba a bayanta ba. An taɓa kawo mini hedifon da mai shi ya yi ta ƙara bayas har mitarsa ta nuna 580 a soket, wato a zahiri ya haura 850. Kunnen hagu ya riga ya huje, ba abin da na iya yi masa.

Wannan hanya tana da naƙasu, ba zan ɓoye maka ba. Taransifoma mai araha kan rage kaifin sautin sama, ƙasan ma ba ya fita da tsabta kamar na injin da ke tuƙa farantan kai-tsaye. Amma kayanta ba su wuce ka ƙirga da yatsu ba, manyan kafasitoci masu kisa ba sa cikinta, kuma za ka ji hedifonka yana magana cikin mako guda. Sai dai ka sani, yayin da sauti ke tafiya, mafitar taransifomar nan tana iya jan mutum ja mai tsanani. Rufe akwatin kafin ka kunna.

Bawul, sa'an nan taranzista

Mataki na biyu, in ka yi wata shida da na farko kana jin hannunka ya faɗa, shi ne da'irar SRX. Tsohon zanen Stax ne mai bawul. James Lin ya gyara shi ya sa masa masu daidaita karan, ya kira shi SRX Plus, mai bawul 12AT7 biyu da 6SN7 ɗaya a kowane ɓangare. Ina son bawul ga mai koyo domin yana da haƙuri. In ka yi kuskure yakan yi ja ya ba ka daƙiƙoƙin da za ka kashe wuta, taranzista kuwa kafin ƙiftawar ido ta mutu ta ja 'yan'uwanta biyar. Ka tabbata 6SN7 ɗin mai GTA ko GTB ne a ƙarshen sunansa, su ne aka yi wa bolt 450, tsohon GT 300 ne iyakarsa. Kuma wutar da ke dumama 6SN7 sai da naɗinta daban wanda bai taɓa ƙasa ba, saboda gindin bawul ɗin yana zaune can kusa da layin wuta na ƙasa. Wanda ya haɗa ta da ta sauran bawul, zai ji ƙara a kunne, daga baya bawul ɗin ya tafi.

Kevin Gilmore da ka ambata injiniya ne a Amurka, ya saki zane-zanensa kyauta ga masu haɗawa, kuma duk mai wannan sana'a yana cin albarkacinsa. A cikin zane-zanen nasa, KGSS da KGSSHV taranzista ne zalla. Blue Hawaii tana da bawul EL34 a mafita, kamfanin HeadAmp yana sayar da ita a haɗe. Carbon tana amfani da wata taranzista mai jure bolt 1,700. Ya kuma sake zana SRM-T2, babban injin da Stax suka fitar a 1994. Ni uku na haɗa da hannuna: akwatin taransifoma, SRX, da KGSSHV. Carbon da T2 ban haɗa ba, don haka ba zan yi maka bayanin cikinsu kamar wanda ya kwana a kansu ba. Abin da zan ce kawai, an zana waɗannan manyan ne domin hedifon masu taurin kai irin SR-007. Naka mai sauƙin tuƙi ne, SRX ta ishe shi har ta yi saura.

Wutar da ke zaune bayan an kashe

Ɗana, a nan nake so ka rage gudu. A teburinka batirin waya bolt huɗu ne, ka saba riƙe allo da hannu yana kunne, ka saba taɓa abu da yatsa ka ji ko ya yi zafi. Wannan sabon shi ne abin da nake ji maka tsoro, ya fi rashin sani haɗari. Ni da talabijin mai ƙeya na fara a Kano, maigidana bai bar ni na taɓa bayan kwalba ba sai da na shekara ina kallo. Duk da haka, bayan na girma a sana'ar, kafasitar da na kashe tun magariba ta jefar da ni daga kan kujera bayan sallar isha'i. Na manta ban sa mata rasistar zubar da caji ba. Hannun ya kwana uku yana tsami, Allah ne Ya sa da hannu ɗaya na taɓa.

Kafasita mai maikurofarad 330 a kan bolt 450 tana riƙe da jul 33, injin kuma yakan ɗauki irinta huɗu ko fiye. In ta bi ta hannu ɗaya ta fita ta ɗayan, ta ƙirji ta ratsa. Saboda haka kowace babbar kafasita a like mata rasista mai kilo-om 220, mai ɗaukar wat 2 ko 3, tun ranar da aka dasa ta. Ko da ita, sai an yi wajen minti shida kafin cajin ya sauka, kuma ba a yarda da agogo, mita ake tambaya. Maƙala wayoyin mita da 'yan maƙalai tun wuta tana kashe, ka janye hannu, sa'an nan ka kunna. In dole sai ka juya wani abu yana kunne, hannu ɗaya a aljihu, takalmin roba a ƙafa, ba zobe ba agogo. Kada ka yi aikin kai kaɗai a ɗaki, kada ka yi shi ƙarfe biyun dare bayan ka tashi daga shago a gajiye. Mitar ma duba ta, wadda aka rubuta mata bolt 1,000 kake so, da wayoyinta masu kyau.

Kunnawar farko ana yin ta ne da kwan fitila mai zare, wat 60 ko 100, a jere da wayar wuta. In ya haska ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske, akwai gajeriyar hanya a ciki, kwan ya shanye abin da zai ƙona maka kaya. Ɓangaren wuta ake fara haɗawa a gwada shi shi kaɗai, sa'an nan ɓangaren sauti ɗaya, sa'an nan ɗayan. Bayan injin ya yi rabin awa yana dumi, a saita mafita biyu na kowane kunne su daidaita da juna kuma su zauna kusa da sifiri in an auna su da ƙasa. Hedifon shi ne abu na ƙarshe da ake jonawa. Ƙananan rasistoci na kwata wat da ka saba da su galibi bolt 250 ne iyakarsu, inda wutar ta fi haka a jera biyu ko uku, ko a sayi waɗanda aka yi domin babbar wuta. A mafita kuma a bar rasistocin kariya masu kilo-om 5.1 da ke cikin zanen, kada wani ya ce maka cire su yana ƙara daɗin sauti.

Abin da Jidda ta ƙara a kan lissafin

Masu zanen nan a ƙasashen sanyi suke, mu kuwa ga inda muke. Wutar Saudiyya Hz 60 ce, wannan ba matsala, taransifomar da aka yi wa 50 tana jin daɗin 60. Matsalar tana tsofaffin gidaje, irin waɗanda yawancinmu ke haya. Sababbin gine-gine 230 ne, amma tsohon tsari na 127 da 220 yana nan a gidaje da yawa, kuma 220 ɗinsa daga layi biyu masu rai ake ɗauko shi. Ma'ana duk wayoyin biyu suna ja. Makunni mai yanke waya ɗaya zai bar rabin wutar a cikin akwatinka kana zaton ka kashe. Sa mai yanke biyu, kuma cire fulogi daga bango kafin ka buɗe. Auna soket ɗin ɗakinka ka san ko 127 ne ko 220 kafin ka yi odar taransifoma. Duba kuma ko ramin ƙasa na soket ɗin yana da waya a bayansa, don sau da yawa ado ne kawai. Akwatin ƙarfe mai bolt 800 a ciki ba tare da wayar ƙasa ba, ban yarda a ɗora shi a ɗakin da yara ke shiga ba.

Sai ruɗuba, wato laimar iska. Iskar da ta bushe tana jure kusan bolt 3,000 a kowace milimita, amma allo mai ƙura da laimar teku ba ya bin wannan ƙa'ida, wuta takan yi rarrafe a kansa har ta ƙona hanya baƙa. Wanke ragowar man dalma tas da sinadarin da kake wanke allon waya, bar tazara mai faɗi tsakanin layukan babbar wuta, kada ka matse su irin na waya. Hedifon ɗin kansa ma yana jin laima. A watannin da gilashin mota ke kwana da raɓa, cajin tantani kan zurare, sai ka ji kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi ko ana 'yar ƙara kamar sauro. Sau da yawa kwana biyu a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana warkar da shi. Kada ka sa shi da jiƙaƙƙen kai bayan wanka ko alwala, ajiye shi a rufe da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin waya.

Zafin kuma, ka tuna wat 32 ɗin nan. Ƙarfen shan zafin da ya ishi mutumin da ɗakinsa ke digiri 20 ba zai ishe ka a watan Agusta ba in mukayyif ya tsaya. Ni nakan ɗauki wanda ya fi na zanen girma, in sa fikafikansa a waje, in huda murfin sama da ƙasa.

Kaya da kuɗi

Taranzistocin da aka zana tsofaffin injinan Gilmore da su, irin 2SA1968 da 2SC3675 da 2SK389, an daina yin su. Duk da haka za ka gan su birjik a intanet da araha. Na taɓa sayen ashirin daga wani mai sayarwa, rubutun jikinsu ya fi na asali kyau, da na gwada su a kan wuta ko rabin abin da aka rubuta ba su kai ba suka fashe. Araha ba ta ado a wannan aiki. Nemi sabon zubin zanen da aka yi da kayan da ake ƙerawa yanzu, irin LSK389 da 10M90S da DN2540, ka saya daga dillalan da kamfanonin suka amince da su kamar Mouser ko DigiKey. Soket ɗin ƙafa biyar ma sai ka yi oda, ba za ka same shi a kasuwar Bab Sharif ba, kuma ka bi kowace ƙafa da zanen Stax sau biyu kafin ka like, don in bayas ya faɗa kan faranti an gama.

Kan kuɗi kuwa, tunda shi ya kawo ka, gaskiya ita ce akwatin taransifoma ne kaɗai zai zo maka da sauƙi. KGSSHV ɗin da na haɗa, da na tara kuɗin taransifoma da akwati da ƙarafan shan zafi da dakon kaya da abin da na ƙona, ya isa in sayi ƙaramin injin Stax na hannu har biyu. Ban yi nadama ba, don ilimin nake so. In kai sauraro kawai kake so, nemi SRM-252S ko tsohuwar SRM-1/MK-2 mai soket ɗin Pro ta hannu ka huta. Sai dai wadda ta fito daga kasuwar Japan bolt 100 take ci, in ka soka ta a bangonmu kai-tsaye ta tafi, sai da taransifomar saukarwa.

Duk wannan bayani a kan zaton hedifon ɗin yana da rai ne, kayan haraj kuwa sai an gwada. Daga nan ba zan iya ganin cikinsa ba. Kada ka buɗe kunnuwan, kada ka hura musu iska, akwai wata leda mai tare ƙura a ciki wadda in ta yage gashi ɗaya ya isa ya sa shi kuka. Duba wayar daga fulogi har kunne ko akwai inda ta tsage. Sa'an nan kawo shi warsha, wurin aikina, ranar Asabar bayan la'asar mu ɗora shi a kan akwatina. Za mu ba shi minti goma ya ɗauki caji, mu saurari murya ɗaya mu ji ko tana zaune a tsakiyar kai ko ta karkata gefe, mu kashe sautin mu ji ko shiru ne na gaske. In ya ci wannan jarrabawar, ina da taransifomar fita guda biyu da na cire daga tsohuwar amfilifayar wani masallaci, za mu auna su tare, kuma bayas ɗinka na farko a gabana za ka kunna shi. Taho da mitarka in ga irinta.